Marafa Maiturare: Jarumin Da Ya Yaƙi Nasara, Ya Kuma Zauna Da Su

Duk lokacin da aka tayar da zancen zuwan Turawa ƙasar Sakkwato, sunan da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne na Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ƙi zama a ƙarƙashin tutar Nasara, ya yi hijira zuwa gabas, ya kuma yi shahada a Burmi cikin 1903. Wannan girmamawa ta dace da shi, babu mai ja da ita. Sai dai Attahiru yana da ɗan'uwa, uba ɗaya, wanda suka tsaya tare a fagen fama a Giginya, bayan yaƙin kuma kowa ya kama hanyarsa. Wannan ɗan'uwa shi ne Muhammadu Maiturare, Marafa mai Gwadabawa, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi na 14. Shi bai yi hijira ba. Gida ya koma, ya yi shekara 21 yana zaman maƙwabtaka da Turawan Ingila, ga kuma na Faransa a bayan ɗakinsa, har Allah Ya karɓi ransa a 1924.

Ba da tarihin wanda ya tafi ya fi sauƙi, domin labarinsa ya ƙare da shahada, kowa kuma ya san matsayin shahidi. Tarihin wanda ya zauna shi ne mai nauyi, saboda abin yabo da abin takaici suna cikin ƙwarya ɗaya. Amma mai karatu ya tuna cewa mafi yawanmu jikokin waɗanda suka zauna ne. Sarautun da muke gani a yau, da gundumominmu, da ita kanta iyakar da ta ratsa tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, duk sun samo siffarsu ne a zamanin da irin su Marafa suka yanke shawarar tsayawa. Don haka ya wajaba mu san shi yadda yake.

Asalinsa da ƙasar da ya tashi a cikinta

An haifi Muhammadu Maiturare a tsakiyar ƙarni na 19. Mahaifinsa shi ne Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riƙi ragamar daula daga 1837 zuwa 1842. Ke nan shi tattaɓa-kunnen Shehu ne, daga gidan Atiku, ɗaya daga cikin manyan gidaje biyu da suka fi riƙe sarautar Musulunci a Sakkwato, ɗayan shi ne gidan Muhammadu Bello.

Mahaifinsa ya zauna a Cimmola, arewa da Sakkwato, dab da Degel inda Shehu ya yi shekaru yana karantarwa, kuma daga nan ne ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Cimmola ribaɗi ce, wato garin tsaron iyaka. Tun zamanin Muhammadu Bello, wanda shi da kansa ya tare a ribaɗin Wurno, daular Sakkwato ta dogara ne da wannan tsari: a sami ɗan sarki ko wani jarumi, a tura shi bakin daji da jama'arsa, ya kewaye gari da ganuwa, a gina masallaci, a share gonaki, makiyaya su sami wurin tsugunawa, mayaƙa kuma su kwana da shiri. Ribaɗi kariya ce, gona ce, makaranta ce kuma.

Arewacin Sakkwato yana da buƙatar irin wannan kariya ƙwarai a lokacin da Maiturare ya zama mutum. Kabawa sun ɓalle tun 1849 a ƙarƙashin Yakubu Nabame, sun kafa ƙarfinsu a Argungu, suna kawo hari daga yamma. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suna Tibiri da Sabon Birni, suna kawo nasu daga gabas. A arewa kuma ga Azbinawan Adar, waɗanda wani lokaci abokan ciniki ne, wani lokaci abin tsoro. Manomi ba ya sakin jiki ya yi shuka a inda bai tabbatar zai ga girbi ba, saboda haka ƙasa mai faɗi ta zauna babu mutane sosai.

Wajen 1882, a zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, Maiturare ya kafa Gwadabawa. Daga nan ya riƙa faɗaɗa ikonsa, yamma zuwa Tangaza, arewa zuwa wajen Ƙonni. Jarumtarsa a yaƙe-yaƙen Kabawa sananniya ce, amma babbar hikimarsa ita ce tara jama'a. Ya buɗe ƙofa ga Adarawa da Gobirawa da Fulani da Buzaye, har da waɗanda iyayensu suka yaƙi iyayensa, ya ba su wurin zama bisa sharaɗin biyayya. Ya fahimci abin da Bahaushe ke nufi da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk wanda ya saurari Hausar da ake yi a kasuwar Illela ko a bakin Tafkin Kalmalo, inda Sakkwatanci da Adaranci da Gobiranci suka cuɗanya a bakin mutum ɗaya, yana jin saura ne na wannan tarin jama'a. Kafin ƙarnin ya ƙare, Marafa ya zama ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa ƙarfin dawaki da mabiya a ƙasar Sakkwato.

Nasara ta arewa, Nasara ta kudu

Tun kafin Marafa ya ga sojan Bature ko ɗaya a ƙofar garinsa, an riga an raba ƙasarsa a kan takarda. A watan Yunin 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Faris, inda suka kafa tsinken awo a kan birnin Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa. Abin da ke cikin bakan na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Da wannan zane Gwadabawa da Ƙonni duka suka faɗa rabon Ingila, alhali babu wanda ya shawarci Sarkin Musulmi Abdurrahman, balle Marafa.

Faransawa ne suka fara nuna wa mutanen wannan yanki abin da bindigar Nasara ke iya yi. A 1899 rundunar da Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ke jagoranta ta taso daga Kwara ta nufi Tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa. Bayan ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau mutanen garin ba su manta ba. Ƙonni kuwa tana bakin ƙasar Marafa ne. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ba sai an ce masa ya shafa wa nasa ruwa ba. Saboda haka a cikin manyan Sakkwato, Marafa yana cikin waɗanda suka san ƙarfin abokan gaba tun da wuri, kuma ba ta hanyar jita-jita ba.

Daga kudu kuma, ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci a 1902, Zazzau ta shiga hannu a wannan shekara, aka kuma girke soja a Argungu, garin tsofaffin abokan gaban Marafa. Ana cikin haka Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902. Masu zaɓe suka tsayar da Attahiru ɗan Ahmadu Atiku, kuma masana tarihi suna ganin nauyin ɗan'uwansa Marafa yana cikin abin da ya rinjayar da zaɓen zuwa gare shi.

Shawara uku ce a gaban sabon Sarkin Musulmi: yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Kowace tana da malamai masu hujja a bayanta. A cikin wasiƙun da Turawa suka kwashe a Sakkwato bayan sun ci birnin, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927, akwai wadda Marafa ya aika wa Attahiru. A cikinta ya roƙi ɗan'uwansa da kada ya bari maganar hijira ta fita daga bakinsa zuwa kunnen jama'a, domin da zarar talakawa sun ji shugabanni na shirin tashi, biyayya za ta warware, al'amura su lalace tun kafin Nasara su iso. Ya ba da shawarar a dakata a ga abin da 'yan leƙen asiri za su kawo. Wannan wasiƙa madubi ce ta halin mutumin. Wanda ya yi shekara ashirin yana lallashin mutane su zo su zauna a daji, ya fi kowa sanin cewa jama'a ba kaya ba ce da za a ɗaure a ɗora wa raƙumi.

Giginya

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903. Ranar Lahadi 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato, da sojoji ɗari shida da 'yan kai, kusan dukkansu baƙar fata, ciki har da Hausawa, tare da igwa da bindigogi masu ruwa. Rundunar Musulmi ta kasu uku: Sarkin Musulmi a tsakiya, Sarkin Rabah Ibrahim a hagu, Marafa a dama. Takobi da mashi da kibiya ba su iya isa inda harsashi ke fitowa, don haka yaƙin bai daɗe ba. Masu riƙe da tuta suka tsaya a gindinta, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An ruwaito cewa Marafa ne ya sukwano zuwa wurin ɗan'uwansa, ya matsa masa ya bar filin, don kada wutar da gidan Shehu ya kunna ta mutu a hannunsa.

Attahiru ya nufi gabas, dubban jama'a suka bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'ar har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Kogin Nilu har yau.

Marafa kuwa yana cikin manyan da suka dawo tare da Waziri Buhari. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tara su, aka tabbatar da Attahiru ɗan Aliyu Babba a matsayin sabon Sarkin Musulmi, ya kuma bayyana masu sharuɗɗansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon ƙasa, da ikon haraji, duk sun koma hannun Ingila ta hanyar cin yaƙi, sai dai ba za a hana kowa addininsa ba. Waziri Buhari ya rubuta risala yana bayyana wa ma'abota ilimi dalilin dawowarsa. Taƙaitaccen abin da ya kafa hujja da shi shi ne, idan shugabanni da malamai duka suka tashi, raunana da ba su iya tafiya za su zama babu mai tsayar masu da salla da shari'a, kuma ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a al'amuran duniya matuƙar zuciya ba ta bi shi ba. Marafa bai bar mana risala irin wannan ba. Ayyukansa ne suka nuna cewa a kan wannan ra'ayi ya tsaya.

Zaman bariki

Turawa ba su shiga cikin birni suka zauna ba. A waje suka kafa mazauninsu, 'yan gidaje da ɗan sansanin soja, a ƙarƙashin Razdan na farko, Manjo Burdon. Su 'yan ƙalilan ne ainun a tsakiyar al'umma mai ɗimbin yawa, kuma sun san cewa ba za su iya karɓar ko buhun gero ba sai ta hannun sarakuna. Sarakunan su ma sun san cewa rawaninsu yana hannun waɗannan baƙi. Kowane ɓangare yana buƙatar ɗayan, kowane kuma yana tsoron ɗayan.

Harshe ya adana mana yadda mutanen gari suka ɗauki wannan sabon mazauni. Kalmar bariki aro ce daga Ingilishi, asalin ma'anarta gidan soja. Amma da ta shiga bakin Bahaushe sai ta ɗauki wani kaya: ɗan bariki shi ne wanda idonsa ya buɗe fiye da kima, zaman bariki kuwa zama ne na inda kunya da tarbiyyar gida ba su da iko. Al'umma ba ta iya korar baƙon da makami ba, sai ta kewaye shi da ganuwar kalma. A wannan tsakani ne mutane irin su Marafa suka yi rayuwa, da safe suna fada, da hantsi suna gaban Razdan.

Aikin kuwa ba mai daɗi ba ne. A ƙasar Sakkwato ta asali Musulmi sun saba da zakka, sai ga Turawa sun kawo haraji na kowa da kowa, da jangali, kuma hakimi ne mai tarawa. Dokar Lugga ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, ta hana cinikin bayi, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannun iyayengijinsu kai tsaye ba. Bayi da yawa suka riƙa gudu daga gandayen manya. Ƙasa ta cika da mutanen da suka rasa tsohon matsayi ba su sami sabo ba, da malaman ƙauye da ke wa'azin cewa ƙarshen zamani ya zo, Mahadi na tafe.

Satiru

A nan ne tarihin Marafa ya fi nauyi a baki. Satiru ƙauye ne da ke kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, mazaunin talakawa da bayin da suka gudo da malamai masu aƙidar Mahadiyya, a ƙarƙashin Malam Isa ɗan Malam Maikaho. A farkon 1906 wani malami, Ɗan Makaho, ya iso can daga ƙasar Dosso bayan Faransawa sun murƙushe tawayen da ya tayar. Ranar 14 ga Fabrairu wata ƙungiyar sojan doki ta taso daga bariki don ta kama shi. Mutanen Satiru suka far mata da gatura da fartanya da kibau, suka kashe Turawa uku, wato Hillary mai riƙon muƙamin Razdan, da mataimakinsa Scott, da Laftana Blackwood, tare da sojoji baƙar fata 25, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa.

A cikin kwanakin da suka biyo baya, 'yan Turawan da suka rage a Sakkwato suna hannun Allah suna hannun sarakuna. Da Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyansa sun juya baya, da barikin bai kwana ba. Ba su juya ba. Marafa da kansa ya ja runduna zuwa Satiru tun kafin agaji ya iso daga Zungeru, amma harin bai yi nasara ba, domin da yawa daga cikin mutanensa sun ƙi ɗaga makami a kan Satirawa. Wannan ƙin da suka yi ya isa ya nuna inda zuciyar talaka take a lokacin. Ranar 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin ta iso, ta kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka hana sake gina shi. Ɗan Makaho aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Me ya sa mutumin da ya fuskanci harsashin Nasara a Giginya ya tsaya masu bayan shekara uku kacal? Akwai dalilin aƙida, domin malaman fadar Sakkwato ba su yarda da da'awar Mahadiyyar Satiru ba. Akwai dalilin lissafi, domin wanda ya san abin da ya sami Ƙonni da Burmi ya san cewa ko an share bariki yau, wata runduna na tafe gobe, kuma birnin Shehu ne zai biya. Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa ba: tawayen Satiru bai tsaya kan Nasara kaɗai ba, ya haɗa da masu sarauta da masu bayi, wato ajin da Marafa yake ciki. Duk ukun gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke wanke jinin mata da yaran da aka zubar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya zaɓi zama da mai mulkin mallaka don ya tsare jama'arsa, wata rana sai an nemi ya ɗaga takobi a kan wani ɓangare na jama'ar.

Yadda iyaka ta iso Illela

Biyayyar da Sakkwato ta nuna ba ta hana a yanke mata ƙasa ba. Faransawa sun daɗe suna kukan cewa bakan nan na 1898 ya tura su cikin hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. A yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904 Ingila ta amince ta ja iyakar zuwa kudu. Abin da Faransa ta bayar a madadin wannan da wasu yankuna na Afirka ta Yamma shi ne tsohon haƙƙinta na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda yake cikin Kanada a yau. Mai karatu ya dubi wannan ciniki da kyau: gonakin gero na Hausawa aka musanya da wurin shanya kifi a wata ƙasa mai ƙanƙara da babu wanda ya taɓa jin sunanta a Gwadabawa.

An sake gyara layin a yarjejeniyar 29 ga Mayun 1906, wata biyu da 'yan kwanaki bayan rushe Satiru. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Da aka gama, Ƙonni ta koma hannun Faransa, Illela ta zama bakin iyaka. Ƙonnin nan kuwa tana cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci tun 1804.

Marafa bai iya hana wannan ba, amma ya ci gaba da abin da ya iya. Harajin Faransa da aikin tilas sun riƙa koro mutane daga Adar da ƙasar Ƙonni zuwa kudu, gundumar Gwadabawa kuma tana karɓarsu, har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a lardin Sakkwato. Daga cikinta ne aka fitar da ƙananan hukumomin Illela da Gada da Tangaza a zamanin baya. Amma tsagar ta riga ta shiga, har cikin harshe. Ɗan Illela yana cewa kwastan, ɗan'uwansa na Ƙonni yana cewa duwan. Wannan ya san Di'o da Razdan, wancan ya san kumandan. Wannan ya je makarantar boko, wancan ya je lakwal. Uwa ɗaya, Hausa ɗaya, kalmomin aro biyu.

Sarkin Musulmi na 14

Da Attahiru na Biyu ya rasu a 1915, sarauta ta faɗo kan Maiturare, ya riga ya manyanta. Ya hau gadon ne shekara guda bayan haɗe Arewa da Kudu, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙasa kuma ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba. A ƙarshen 1916 Kawusan ya tayar da Azbinawa, ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas, har Ingila ta tura soja daga Nijeriya su taimaka wa Faransa. Turawa sun ji tsoron kada wutar ta tsallako, ganin cewa Daular Usmaniyya ta Turkiyya tana ɓangaren abokan gabansu. Sakkwato ba ta motsa ba. Sai annobar mura ta 1918 ta biyo baya, ta ɗebi rayuka masu yawa.

Sarautar da ya riƙe ta bambanta da wadda mahaifinsa ya riƙe. Ahmadu Atiku yana da ikon naɗa sarakunan Kano da Zazzau da Katsina, yana aika masu da umarni. Maiturare kuwa shugaban En'e ne na ƙasar Sakkwato, yana da albashi daga baitulmali, Razdan na duba littattafansa. Abin da ya rage masa a kan sauran sarakuna shi ne girma na addini da na tarihi. Wannan girma shi ne wutar da aka ce ya ji tsoron mutuwarta a Giginya, kuma ba ta mutu ba. Alƙalai sun ci gaba da hukunci, makarantun allo da na ilimi sun ci gaba, gidan Waziri ya ci gaba da adana littattafan jihadi.

Ya rasu a 1924. Ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi, da goyon bayan Turawan lardi, ko da yake akwai masu zaɓe da suka fi son Hassan ɗan Mu'azu. Bayan shekara bakwai, a 1931, Turawan suka juya wa Tambari baya, ya bar gadon, ya tsallaka iyakar nan zuwa ƙasar Faransa, daga bisani ya ƙare rayuwarsa a Wukari. Tun daga ranar gidan Atiku bai sake riƙe sarautar Sarkin Musulmi ba. Hannun da ya naɗa shi ne ya tuɓe, kamar yadda Lugga ya faɗa masu tun 1903.

Abin da ya rage mana

Ba daidai ba ne mu mayar da Maiturare waliyyi, ba daidai ba ne kuma mu kira shi ɗan koren Nasara mu wuce. Mutum ne da ya gina ƙasa da hannunsa, ya yi yaƙi don ya kare ta, da ya ga yaƙin ya fi ƙarfinsa sai ya zaɓi ya tsira da abin da zai tsiru. Ya tsirar da jama'a da sarauta da addini a bayyane. Ya biya da 'yancin daula, da Ƙonni, da Satiru. Attahiru ya tsira da mutuncinsa cikakke, amma jama'ar da ya bari a baya sai da wani ya riƙe su. Al'umma tana buƙatar ta tuna da su biyun, kuma manhajar tarihi da ke koya wa yaranmu Burmi ta kyautu ta koya masu Gwadabawa da Satiru.

Darasin da ya fi kusa da mu shi ne na ribaɗi. Marafa ya gane cewa ba a tsare bakin iyaka sai da mutanen da ke zaune a cikinta suna noma suna kiwo cikin aminci. A 'yan shekarun nan mun ga akasin haka: ƙauyuka a gabashin Sakkwato sun watse saboda 'yan bindiga, a 2024 kuma rundunar sojan Nijeriya ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu, wato ainihin dajin da aka raya fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mun kuma ga an rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A duka lokutan biyu, mai albasa da mai shanu da mai zuwa gaisuwar mutuwa a Ƙonni su ne suka sha wuya, kuma kamar a 1898 da 1904, a wani birni mai nisa aka yanke shawarar ba tare da an tambaye su ba. Turawa sun tafi tun 1960. Layin da suka zana kuwa mu ne muke gadinsa yanzu, don haka alhakin yadda ake mu'amala da mutanen da ke zaune a kansa ya dawo wuyanmu.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka kwanta tare da shi a Burmi. Allah Ya jiƙan mutanen Satiru da na Ƙonni. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alherin da ya shuka. Mu kuma Ya ba mu shugabanni masu tara jama'a, amin.